Rautar da ke mantuwa duk sanda aka ɗauke wuta

A garin da wuta ke zama, mutum na iya saita rautarsa yau, ta yi wata shida a kunne, bai taɓa sanin cewa saitin nasa bai zauna ba. A Kano ba a samun wannan rufin asiri. A ɗauke wuta da safe, a tayar da janareta da hantsi, a kashe shi lokacin azahar, a koma kan batirin sola da yamma, kuma duk sauyi ɗaya a cikin waɗannan mutuwa ce da tashi ga ƙaramar na'urar da ke raba intanet a gida ko a shago. Aibin da zai daɗe a ɓoye a wata ƙasa, mu nan wuni ɗaya ke tona shi. Ta wannan hanya na san ciwon ƙananan rautoci masu ɗauke da OpenWrt ciki da bai.

OpenWrt manhaja ce da ake ɗura wa rauta a madadin wadda kamfani ya sako ta da ita. Tushenta wata rauta ce ta kamfanin Linksys mai suna WRT54G. An gano cewa Linux ne ke tuƙa ta, lasisin GPL da Linux ke ƙarƙashinsa kuwa ya wajabta wa mai sayar da irin wannan na'ura ya fitar da rubutun manhajar a fili. Kamfanin ya fitar a 2003, masu sa kai suka gina OpenWrt a kai a 2004. Tun daga lokacin, mai rautar da ta dace yana iya mallakar abinsa da gaske: ya ƙayyade wa kowace waya iyakar abin da za ta ja, ya toshe tallace-tallacen da ke cinye data, ya ga su wa ke kan layinsa. Ga wanda ke sayen data da kuɗin guminsa, wannan babban abu ne. Tun ranar da na fara ganin aikinta na kamu da sonta, har yau ban saki ba.

Kawuna yana da shagon fotokwafi da buga takardu, inda ɗalibai ke zuwa cike fom ɗin makaranta ta intanet. Kukansa kullum shi ne data na ƙarewa kafin wata ya raba. Na samo masa rauta ta gwanjo, irin ƙananan nan masu eriya biyu da suka cika kasuwa, ma'ajiyarta megabait 4, ƙwaƙwalwar aikinta megabait 32. Na haɗa mata ƙunshin OpenWrt da hannuna, na sa shafin sarrafawa na LuCI da manhajar rabon gudu, na ɗura, ta karɓa ba gardama. Na sa wa wayfai sunan shagon da kalmar sirri, na ware layin kwastomomi daban da na kwamfutocin aiki, na danna adanawa, shafin ya nuna an adana. Komai ya yi aiki a gaban idonmu. Kawu ya sa mini albarka, na tafi.

Washegari ya kira ni. "Ɗan nan, abin naka ya ɓace. Babu sunan shagon a wayar kowa."

Na je na tarar da ita kamar yanzu aka ɗura mata manhajar: wayfai a kashe, babu kalmar sirrin mai gida, adireshinta ya koma 192.168.1.1 na asali. Na sake saitawa. Aka ɗauke wuta, ta sake mantawa. Abin ya yi ta maimaituwa har Kawu ya yanke hukuncinsa, kuma hukuncin a kan yaron shagonsa ya faɗa. A bayan irin wannan rauta akwai ɗan rami da ake danna wa tsinke a mayar da ita saitin farko, Kawu kuma ya taɓa ganin na yi haka. "Ba kowa ba ne sai yaron nan," in ji shi. "Shi ke danna ta in na fita, don ya buɗe wa abokansa layi."

Yaron ya same ni a waje idonsa ya ciko. "Wallahi Yaya ban taɓa ta ba. Ko goge ƙura ba na yi a wurin."

Wannan magana ta hana ni sukuni fiye da rautar kanta. Na yarda da shi, kuma ina da dalili: OpenWrt in ta koma saitin farko wayfai a kashe yake tashi, saboda haka wanda ya danna tsinken babu abin da zai samu, shi da abokansa duka sai su rasa layin. Amma dalilin da ke kaina ba zai wanke yaro a gaban ubangidansa ba. Sai na nuna ainihin abin da ke faruwa, ni kuma a lokacin ban gano shi ba tukuna. Na ɗauko rautar na kawo gida.

Ga abin da ke cikinta. Megabait 4 ɗin nan ba duka ne na manhaja ba. Farkonsa na ɗan shirin da ke tayar da na'urar ne, ƙarshensa na bayanan daidaita rediyon wayfai ne da aka rubuta tun a masana'anta. A abin da ya rage, zuciyar Linux ta ɗauki fiye da megabait ɗaya. Sai sauran manhajar, wadda ake matse ta a tsarin SquashFS, tsarin da ake karantawa kawai, ba a rubutu a cikinsa. Duk abin da ya yi saura bayan wannan, shi ake shimfiɗa wa wani tsarin mai suna JFFS2, kuma nan kaɗai ne wurin da rautar ke iya rubutu. Sunan wayfai, kalmar sirri, duk wani saiti da ke cikin /etc/config, nan yake sauka. Ana ɗora wannan wuri a saman wancan da ba ya canzawa, mai amfani ya gan su kamar abu ɗaya.

Wannan irin ma'ajiya tana da wata ɗabi'a. Ba a goge harafi ɗaya a cikinta a sake rubuta wani, sai dai a goge yanki guda ɗungurungum, kuma a yawancin waɗannan rautoci yankin kilobait 64 ne. Kamar allon makaranta ne a ce ba a kankare kuskure, sai dai a wanke allon duka: kafin ka wanke, dole ka sami wani allo fanko ka kwafe abin da kake so ya tsira. Shi ya sa JFFS2 ba ya yarda ya fara aiki sai ya ga aƙalla yankuna biyar, wato kilobait 320. In bai samu ba, ya ƙi hawa. OpenWrt kuwa ba ta barin na'ura ta mutu saboda haka, sai ta shimfiɗa wurin rubutun a ƙwaƙwalwar aiki, wadda ba ta riƙe komai in babu wuta. Wannan dabara ce mai kyau, don ita ke ba ka damar shiga ka gyara. Illa dai daga shafin saiti komai daidai kake gani. Ka adana, ya adanu da gaske, ya yi aiki da gaske, amma a wurin da ke shafewa da zarar fitila ta mutu.

Umarni ɗaya ne ya tona asirin. Na shiga rautar ta SSH na rubuta df -h. A rauta mai lafiya akwai layin da ke nuna tushen tsarin yana zaune a kan /overlay. A tawa /tmp/root na gani. Na duba bayanan da na'urar ke rubutawa lokacin tashi, ga shi ɓaro-ɓaro: JFFS2 ya ce yankunan gogewa sun yi kaɗan. Ƙunshin da na haɗa ya shiga ma'ajiyar, shi ya sa ɗurawar ba ta ƙi ba, amma filin da ya bari bai kai biyar ɗin nan ba. Shigar ƙunshi daban, barin wurin rubutu daban.

Na koma shagon a ranar. Ban yi wa Kawu bayanin yankuna ba. Na ce, "Kawu, ku zo ku gani da idonku." Na saita ta a gabansa, sunan shagon ya fito a wayarsa, na ce shi da kansa ya zare wayar wutar ya mayar. Ya zare, ya mayar, sunan bai dawo ba. Yaron yana tsaye can bakin ƙofa, hannunsa bai kusanci komai ba. Kawu ya yi shiru, sannan ya kira shi ya nemi yafiyarsa. Ban taɓa jin daɗin ganin na'ura ta gaza ba kamar a wannan lokaci.

Gyaran ya koya mini wani abin da ya saɓa wa hankali. Cire manhaja daga rautar da ke aiki ba ya ƙara fili in manhajar cikin ƙunshin asali take. Tana nan daram a SquashFS, abin da kawai ake yi shi ne a rubuta alamar cewa an goge ta, alamar ma wuri take ci. Ragi na gaskiya sai a wajen haɗa ƙunshin, da kayan aikin da ake kira Image Builder. Can na zauna ina auna abin da shagon ke buƙata da abin da ni nake sha'awa. LuCI ya fita, tunda ana iya saita komai da rubutaccen umarni. Manhajojin PPP sun fita, tunda modem ne ke ba da layin ta waya. Abin da ya zama dole kuma na sa shi tun a ƙunshin, domin SquashFS ya fi JFFS2 iya matse kaya nesa ba kusa ba, manhajar da za ta cinye filin rubutu in an saka ta daga baya sai ta ci kaɗan in an gina ta ciki. Masu rauta mai ramin USB suna da wata mafitar, su mayar da wurin rubutun kan filas. Tamu ba ta da ramin.

Daga baya na ci karo da 'yan uwan wannan ciwo a gidajen mutane. Wani filin nasa ya hau lafiya, sai ya yi ta saka manhajoji har ya cika maƙil, tsarin ya koma na karatu kawai, sabon saiti ya daina zama. Wani kuma tashin farko bayan ɗurawa ne ya ci shi: a lokacin rautar tana ɗaukar ɗan lokaci tana share filin rubutu tana shirya shi, saitin da aka yi kafin ta gama a ƙwaƙwalwar aiki yake jira, in wuta ta tafi a tsakanin ya tafi da shi. Saboda haka ba na ɗura manhaja sai a kan batiri.

Akwai abin da na daɗe ban so amincewa da shi ba. WRT54G ta farko ma megabait 4 gare ta, kuma OpenWrt ta zauna a ciki da walwala. Amma zuciyar Linux ta yi ta girma, tsaron wayfai ya ƙaru, ɓoye bayanai ya zama wajibi. Jerin OpenWrt na 19.07, wanda ya fito a farkon 2020, shi ne na ƙarshe da ya tallafi na'urori masu 4 da 32. Da 21.02 ya zo da WPA3 na tsaron wayfai da TLS na ɓoye bayanai a cikin ƙunshinsa na asali, mafi ƙarancin abin da ake nema ya koma megabait 8 da 64, yanzu kuwa shawarar masu aikin ita ce 16 da 128 zuwa sama. Raina ya sosu da na fara karanta haka, domin na san su wa ke riƙe da ƙananan rautocin nan: mu ne, masu saye a gwanjo. Na so a ce an ci gaba da ɗaukarsu. Amma na zauna da Image Builder ina neman kilobait ɗari da zan rage, na san ba rowa ce ta sa aka bar su ba. Wuri ne babu. Abin da ya fi damuna shi ne tsohon jerin ya daina samun gyaran tsaro, ga shi a shagon Kawu mutane na shigar da sunayensu da lambobin jarrabawarsu ta wannan layi.

Don haka da kasuwa ta ɗan buɗe na lallashe shi ya sayi wata mai megabait 16. Kafin mu biya na juya ta na karanta lambar sigar da ke jikin takardar ƙasa, na duba ta a jadawalin na'urori na OpenWrt, saboda suna ɗaya na iya ɗaukar kayan ciki daban: ita kanta WRT54G a siga ta 5 ma'ajiyarta ta ragu zuwa megabait 2. Na saita sabuwar, na ajiye kwafin saitin a kwamfutar shagon da umarnin sysupgrade -b, sannan na miƙa wa yaron wayar wutar na ce ya zare ya mayar, sau biyu, kafin in yarda an gama. Yanzu duk wanda na saita wa rauta haka nake yi a gabansa.

Tsohuwar ba mu yar da ita ba. Tana ɗakin baya, an ja mata waya daga sabuwar, aikinta kawai ta kai wayfai inda siginar ba ta isa. Ba ta fuskantar intanet kai tsaye, ba ta raba adireshi, kuma saitinta na gina shi cikin ƙunshin kansa, ta yadda ko filin rubutun ya sake ƙin hawa za ta tashi da sunan shagon da kalmar sirrinsa. Kuɗin wannan tsari shi ne duk ranar da Kawu ya so canza kalmar sirri, sai na sake haɗa ƙunshin a gida na zo na ɗura mata.