"Da Sauƙi" a Bakin Tafinta



Tun kafin a haifi kakanninmu Bahaushe yake aron bakin wani a ƙasar nan. Ayarin fataken da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja neman goro ta Nikki yake bi, ya ratsa Parakou, ya yada zango a Djougou, wadda tsofaffinmu har yau Zugu suke ce mata. A unguwar Wangara mai masauki shi ne bakin baƙo, shi ne kunnensa. Ciniki da Dandanci ake yi, fadar Parakou da Barganci, fadar Kilir da harshen Yom. Daga baya Faransanci ya zo ya mamaye ofis da kotu da asibiti.

Ni allo na yi, sannan zaure. Faransancina tsintuwa ne, a tasha da bakin ofisoshi na tattara shi. Sunan aikina magatakardan dattijon jama'armu, amma rabinsa tafinta ne.

Wata shekara da rani wani tsoho ɗan ƙasar Tawa, mai fataucin albasa, ya kwanta ciwon ciki a masaukinsa da ke Zongo. Maigida ya ce in kai shi asibiti. Likitan yaro ne ɗan kudu, mai natsuwa, ba ya jin Hausa, ba ya jin Dandanci. Da safe ya ce in tambayi tsohon yaya ciwon, in an kwatanta da jiya. Na ce, "Baba, yaya jikin?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Na juya na shaida wa likita cewa ya samu sauƙi. Haka muka yi safiya biyu. A ta uku aka rubuta masa ƙwayoyi aka sallame mu.

Ko kwana biyu ba a yi ba muka komo da shi ranga-ranga cikin dare, sai da aka yi masa aiki. Likita ya dube ni ya ce wa ya ce wannan mutum ya samu sauƙi? Na rasa bakin magana. Ban yi ƙarya ba, abin da Baba ya faɗa shi na kai. Amma ni ɗin nan na sani sarai Bahaushe ko yana gargara "da sauƙi" zai ce, domin a wurinsa godiya ce ga Allah, kuma kunya ce namiji ya yi raki gaban baƙo. Likita kuwa bayanin ciwo yake jira. Tsakaninsu ni kaɗai na san wannan, na kuma yi shiru.

Allah ya sa da sauran kwana. Sai dai kuɗin aikin ya cinye ribar albasa har ya taɓa uwar kuɗi. Maigida bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Malam, gaisuwarsa ka kai wa likita, ciwon ka baro shi a gado."

Abin da ke damuna yanzu shi ne yaran da muke turawa su raka iyayensu mata awo. 'Yan lakwal ne, Faransancinsu ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma Hausar da yawansu ta gaisuwa ce da aike, Dandanci ya fi zama a bakinsu. Kuma wane yaro ne zai iya faɗa wa likita abin da ke damun mahaifiyarsa a mararta? Zai sunkuyar da kai ya ce ciwon ciki. Na roƙi maigida a samo mata biyu masu hankali daga makarantar Islamiyya su riƙa wannan rakiya, a nan da Djougou. Ɗaya aka samu zuwa yanzu.

Ni kuwa tun daga ranar na bar tambayar majiyyaci yaya jiki a gaban likita. Gaisuwa a waje muke gama ta. In mun shiga sai in ce, "Baba, ɗora hannunka inda yake cin ka. Jiya ka yi barci? Me ka iya haɗiya?"