Ɗakunan Wasa a Garwa da Faifan Ajiya na Waje

Mu masu ɗakunan wasan bidiyo a Garwa, daga Yelwa har Rumde Ajiya, abincinmu yana hannun yaran da ke zuwa buga ƙwallo a talabijin bayan an tashi makaranta. In yaro ya zo da kuɗinsa ya tarar babu wasan da yake so, to gobe ɗakin maƙwabci zai nufa.

Na'urar PlayStation 4 da ta fito a 2013, wadda da yawanmu muka saya ta hannu, cikinta gigabait 500 ne, alhali babban wasa guda kan ci 50 ko fiye. A da in ta cika sai mu goge wani mu sa wani. In aka nemi wanda aka goge kuwa, sai a kwana ana sauko da shi daga intanet, kuɗi na ta zurarewa.

A watan Maris na 2017 kamfanin Sony ya ba da damar jona faifan ajiya na waje mai USB 3.0, daga gigabait 250 zuwa terabait 8. Manomi in rumbunsa ya cika ba ya zubar da dawa, wani rumbun yake ginawa. Mu ma haka muka yi.

Amma fa 'yan'uwa a kula. Ranar da aka fara jona faifan, na'urar za ta share duk abin da ke cikinsa, saboda haka kada a kawo wanda aka zuba hotunan biki. Wutarmu kuma daga madatsar Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, in ruwa ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta. In ta ɗauke faifai na cikin aiki, wasa na iya lalacewa, shi ya sa muka sayi batirin da ke riƙe wuta har mu kashe na'ura a tsanake. Ga zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Faifai na son inuwa da iska.

Masu harin PlayStation 5 ta 2020 su sani, wasanninta ana adana su a faifan waje, amma sai an mayar da su ciki ake bugawa.

Allah ya sa albarka a sana'a, amin.