Tsibirin da Teku Ta Haifa

Daga ƙarshen kudancin tsibirin Heimaey a ƙasar Ayislan, idan gari ya washe, kana hango wani baƙin tudu can cikin teku. Surtsey ke nan. Dattawan Heimaey da yawa sun girme shi. Ranar 14 ga Nuwamban 1963 masunta suka ga hayaƙi na tashi daga ruwa, suka ɗauka wani jirgi ne ya kama da wuta, ashe dutse ne ke aman wuta daga ƙasan teku, a zurfin mita 130. Bai lafa ba sai a 1967, ya bar tsibiri sabo ful.

Ba a barin kowa ya taka shi sai masu bincike, su ma da izini, kuma wannan haƙurin na mutanen Ayislan ya burge ni ƙwarai. Sun ƙyale wurin ya yi girmansa, su kuma suna kallo suna rubutawa.

Abin da masana sinadaran duwatsu suka gani a can ya fi ƙarfin littafi. Idan narkakken dutse ya haɗu da ruwan sanyi, sai ya tarwatse ya zama toka mai ɗauke da ɓarɓashin gilashi. Ruwan zafi da ke ratsa cikin tsibirin yana jiƙa tokar nan, yana kwashe wasu sinadarai yana ajiye wasu, har ta dunƙule ta zama dutse mai tauri. An daɗe ana zaton wannan aikin sai an yi ƙarnuka. A Surtsey cikin 'yan shekaru aka gan shi. An haƙa rami mai zurfi a 1979, aka sake haƙawa a 2017, don a ga inda canjin ya kai. Wannan taurin ne ke riƙe da zuciyar tsibirin, alhali igiyar ruwa ta riga ta cinye kusan rabinsa.

Can ƙasa inda nauyin ruwa ya hana fashewa, dutsen kan fito ne dunƙule-dunƙule kamar malmalar tuwo, bayansa ya daskare, cikinsa na ci. Irinsu ne shimfiɗe a gadon tekun Atlantika, inda ɓawon ƙasa ke rabuwa da wajen santimita 2 a shekara. A Ayislan wannan tsagar ta fito sarari, har ana tafiya a cikinta a Thingvellir.

Heimaey ma ta ɗanɗana aman wuta. Daren 23 ga Janairun 1973 ƙasa ta tsage a bakin gari, aka kwashe mutum wajen 5,000 a jiragen kamun kifi. Daga baya aka yi ta feshin ruwan teku a kan narkakken dutsen na tsawon watanni, aka ceci tashar jiragen garin.

A kan tudun Eldfell da wannan aman ya bari na tarar da wata malama da ɗalibanta. Ba allo, ba alli. Ta sa kowa ya tona da yatsunsa ya ji ɗumin da har yau bai gama fita ba, ta miƙa musu jan dutse mai ramuka da baƙi mai nauyi, ta ce su faɗa mata me ya bambanta su. Wani yaro ya ce iska ce ta maƙale a ɗayan. Ta tambaye shi wace iska, daga ina. Suka yi ta gardama, ita tana murmushi.

Na tuna da matattun duwatsun aman wuta na Biu da Panyam, da ɗalibanmu da ke haddace sunayen duwatsu ba tare da an taɓa kai su can ba, ga shi kuwa tafiyar mota ce kawai.