Kujera mai tsawo da gwiwar tsoho

Mai karatu, ko ka taɓa jin labarin jirgin ruwan da ba ya taɓa ruwa? To, akwai shi. Cikin ɗaki ake aje shi. Mutum ya zauna bisa, ya yi ta tuƙi har zufa ta karyo masa, jirgi kuwa yana nan inda yake. Don motsa jiki aka ƙera shi.

In ka taɓa bin hanyar Agadas daga Tawa, ka san tafkin Tabalak, wajen kilometir 50 daga gari. Ka ga masunta cikin kwale-kwale, suna tuƙi da filafili, suna kallon inda za su. Masu tseren jirgi na ƙasashen Turawa ba haka suke yi ba. Su baya suke ba inda za su. Suna zama bisa ƴar kujera mai zamewa, su tokare da ƙafa, su ja da hannu biyu. Da sanyi kuma kogunan wasu ƙasashensu daskarewa suke, su zama ƙanƙara. Ina mai tsere zai yi tuƙi?

Wasu ƴan uwa biyu a Amurka, Dick da Peter Dreissigacker, suna cikin waɗanda suka nemo dabara. A 1976 suka kafa kamfani mai suna Concept2 a jihar Bamont, suna ƙera filafilan tsere. A 1981 suka fito da injin tuƙinsu na farko. Ka san da mi suka yi shi? Da ƙafar keke! Injin na yanzu dogon ƙarfe ne a kwance, kujera tana zamewa bisansa. A gaba akwai fanka cikin gidanta. Ka kama mariƙi ka ja sarƙa, fanka ta juya, iska ta riƙe ta. Iyakar ƙarfin janka, iyakar nauyin da za ka ji. Akwai ɗan allo da ke nuna maka mita nawa ka yi, kamar da gaske cikin ruwa kake.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce, mu nan Adar wa ya rasa abin ja? Gaskiyarka. Wanda ya ja wasaki a rijiya mai gaba ashirin tun asuba ba ya bukatar a sayar masa da gajiya. Kuɗin injin ma ya haura jika ɗari biyar, tun ba a yi maganar dako ba. Ni ban ce ka saya ba. Abu ɗaya ne na gani cikin labarinsa da ya shafe mu, shi ne tsawon kujerar.

Kujerar injin da aka saba da shi, daga ƙasa zuwa wurin zama, santimita 36 ce. A 2006 kamfanin ya fito da wani sabo, suka ce masa Model E. Kujerarsa santimita 51 ce, wato kamu ɗaya da ɗan ɗori. A 2021 suka haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya, RowErg, mai saye ya zaɓi mai gajerun ƙafafu ko mai dogaye. Bambancin duka santimita 15 ne. Ko taƙi ɗaya bai cika ba.

Tuƙin bai sake ba ko kaɗan. Ja ɗaya ne, gajiya ɗaya ce. To don mi suka ɓata ƙarfe? Don hawa da sauka. Sun lura akwai masu son injin da ba su iya kai jikinsu ƙasa, in sun kai kuma tashi ya zama aiki: tsofaffi, masu ciwon gwiwa, masu ciwon ƙugu, masu jiki. Akwai kuma mai keken guragu. Kujerar kekensa kusan tsawonta ke nan, sai ya zame daga wannan zuwa waccan, ba sai an ɗauke shi ba.

Gwada da kanka ka gani. Zauna bisa kujera ƴar tsugunno, ka tashi ba tare da ka dafa komi ba. Sa'an nan ka zauna bisa dakali, ka tashi. Ka ji bambanci? In ƙugunka ya yi ƙasa da gwiwarka, gwiwa ta lanƙwashe sosai, sai naman cinya ya ɗauki nauyin jiki duka ya ɗaga shi daga nesa. In ƙugu yana daidai da gwiwa ko ya ɗan ɗara ta, rabin tashin an riga an yi maka. Saurayi ba ya jin wannan. Amma naman cinya yana raguwa da shekaru, guringuntsin gwiwa yana cinyewa. Likitoci ma suna da wani gwaji: su ba tsoho kujera mai santimita 43, ya rungume hannu a ƙirji, su ƙidaya sau nawa zai tashi ya zauna cikin daƙiƙa 30. Da haka suke gane wanda ke kusa da fara faɗuwa.

Yanzu bari in kawo ka ajinmu na yaƙi da jahilci. Bisa tabarma muke karatu, ƙarƙashin rumfa, kamar yawancin azuzuwan ƙauyukanmu. Shekara da shekaru ina kallon abu guda. In an buɗe aji bayan an gama aikin gona, dattawa suna cikin masu fara zuwa. Su ne ma suka fi ƙwazo, don suna da dalili. Wannan yana son ya karanta saƙon ɗansa da ke bida a Abijan. Waccan tana son ta gane abin da aka rubuta bisa takardar magani. Kafin wata biyu sai su fara ɓacewa ɗaya ɗaya. In ka tambaya, a ce ai kan tsoho ba ya ɗaukar karatu. Wallahi ba haka ba ne. Na ga tsohuwar da ta riga ƴan mata gane baƙaƙe.

Ka lura da lokacin da malami ya ce, "Baba, zo ka rubuta bisa allo." Saurayi zumbur ya miƙe. Dattijo kuwa sai ya juya gefe, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya kafa gwiwa ɗaya, ya ce "wash", sa'an nan ya tashi. Duk aji na kallo. Wani yaro ya ƙunshe dariya. Mutumin da ake gaida shi a durƙushe a ƙofar gidansa, ga shi yana rarrafe gaban ɗiyan cikinsa. Ba zai ce maka gwiwa ce ba. Zai ce hidima ta yi yawa. Gobe ka ga wurinsa wayam.

Mata ma haka, ko in ce sun fi. Macen Adar ta yi shekara arba'in tana ɗauko ruwa da itace a ka, tana hawa tudu tana sauka cikin duwatsu, ga goyo. Wasu sun ɗauki dutse a aikin gyaran ƙasa na Kaita da aka fara a 1984. Gwiwar da ta yi wannan aiki ta biya bashinta. Amma har yau kujerarta a bakin murhu ita ce mafi gajarta cikin gida.

A masallaci an riga mu gane wannan. Duba ƙarshen sahu a manyan masallatan Tawa, za ka ga kujerun roba na waɗanda ba su iya kai goshi ƙasa. Malamai sun ce wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune. Ba wanda ke yi musu dariya. To in an yi wa tsoho sauƙi wajen salla, mi zai hana a yi masa wajen karatu?

Kada ka ɗauka ina zagin tabarma. A'a. Zaman ƙasa da tsugunno da muka saba tun muna yara suna sa gaɓoɓi su yi laushi. Bature da yawa ba ya iya tsugunno irin namu, sai ya faɗi ta baya. Wanda ke iya zama ƙasa ya tashi ba wahala, ya ci gaba da abinsa, alheri ne gare shi. Masu injin nan ma ba su daina yin gajeren ba. Dogon suka ƙara kusa da shi. Kujera in ta cika tsawo ita ma matsala ce: ƙafa tana reto, cinya ta yi tsami, allo ya ƙi zama bisa gwiwa.

Ga yadda ake gane daidai. Mutum ya tsaya da takalminsa. Ka auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa, inda take lanƙwashewa. Wannan shi ne tsawon kujerarsa. In gwiwar na ciwo, ƙara yatsa uku ko huɗu. Ba sai an je wurin kafinta ba. Bulo na siminti tsawonsa santimita 20 ne. Ka ɗora biyu nan, biyu can, ka shimfiɗa katako mai kauri, ka samu banci na mutum uku. In ba bulo, tubalin laka ya isa a yi dakali a jikin bango, bangon ya zama majingina. Sai dai kada ka kife turmi ka ce wa tsohuwa ta zauna, don ba za ta yarda ba, kuma za ka sha faɗa.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi wuya. In ka kawo kujera ɗaya tak ka ce ta Baba ce, ba zai hau ba. Zai ce shi lafiyarsa lau. Banci ake yi mai tsawo, malami ya fara zama bisa, ya kira dattawa su zo kusa da shi don su fi ganin allo. A ajinmu haka muka yi. Bulo takwas da katako biyu muka nema, masu karatu suka yi karo-karo, wani magini cikinsu ya daidaita ƙasan da laka don kada ya yi rawa.