Ciwon Kafaɗa Ga Masu Jini A Jika

Saurayi mai shekara 25 yakan wayi gari ya ɗauko riga zai sa, sai ya ji hannu ya ƙi ɗaguwa. Ya yi mamaki, don a zatonsa ciwon gaɓɓai na tsofaffi ne. Alhali kuwa kafaɗa ba ta jiran tsufa.

Dalilin yana cikin yadda Allah ya halicce ta. Kan ƙashin cinya zaune yake cikin rami mai zurfi, kamar taɓarya a turmi. Kan ƙashin damtse kuwa ɗore yake bisa gefen allon kafaɗa, kamar tulu a kan gammo, tsokoki guda 4 da jijiyoyinsu su ke riƙe da shi. Shi ya sa hannu ya ke juyawa ko'ina, shi ya sa kuma ya ke saurin samun lahani.

Yawancin ciwon daga aiki ya ke, musamman aikin da a ke ɗaga hannu sama da kai. Mai faskare, da matar da ta wuni tana daka, da lebura mai jefa wa magini tubali, duk suna goga jijiyar nan jikin ƙashi sau ɗaruruwa, kamar igiyar guga a bakin rijiya. A kwana a tashi sai ta kumbura. Alamarta ita ce zafi in an ɗaga hannu, da zugi in an kwanta ta wannan gefen. Wani kuma daga wuya ciwonsa ya ke gangarowa, saboda dakon kaya a ka, ko sunkuyawa a kan wayar hannu.

To, irin wannan ana iya jinyarsa a gida. A bar aikin da ya jawo shi tukuna. Kwana 2 na farko a naɗe ƙanƙara cikin tsumma, ko a jiƙa shi da ruwan randa, a ɗora kamar minti 15, sau 3 a rana. Daga baya a koma gashi da ruwan ɗumi. Farasitamol yana rage zugi. Ibuprofen ma haka, amma sai bayan cin abinci, kuma mai gyambon ciki da mace mai juna biyu su nisance shi.

Inda mutane su ke kuskure shi ne su ɗaure hannun a ƙirji mako da makonni. Kafaɗar da ba ta motsi sandarewa ta ke yi, har ranar da ciwon ya tafi a tarar hannu ba ya kai wa ƙeya. Maimakon haka mutum ya sunkuya, ya dafa bango da hannu mai lafiya, ya saki ɗayan yana lilo a hankali, safe da yamma. Wasu kuma su sa ƙato ya ja hannun wai an goce. Kai, jijiya mai kumburi ina ruwanta da ja?

Amma fa akwai wanda gida ba ya iyawa. Wanda ya faɗo daga babur, ko aka kā da shi a kokawa, kafaɗa ta sauya kama, hannu ya mutu, sai asibiti a ɗauki hoto, don karaya da gocewa sun yi kama. Haka nan in wurin ya yi kumburi da zafi tare da zazzaɓi. Mai amosanin jini ya faɗa wa likita da wuri, don ciwon yana iya cinye kan ƙashin. Wanda ya ji shi tare da nauyin ƙirji da gumi, zuciya ce abin tsoro. Macen da ta yi ɓatan wata, ta ji ciwon mara da suka a tsinin kafaɗa, a kai ta a daren nan, ba sai gari ya waye ba, don mai yiwuwa ne cikin ya zauna a wajen mahaifa, jini yana zuba a ciki.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya gwada jinyar gida mako 2. In ba sauƙi, ya tafi a duba shi.