Tsohon Gadon Inna, Fenti da Faten Dankali

'Yan uwa ɗalibai, musamman mata masu digiri na biyu da aure ya riske su a tsakiyar karatu. Akwai lissafin da ba a koyar da mu a aji: kuɗi ɗaya, buƙata biyu. Ga rajistar zangon ƙarshe da kuɗin fita tattara bayanai, ga kayan ɗaki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda farashin saitin gado ya tashi, ita ma rajistar makaranta ba ta tsaya jiran kowa ba.

Ni dai da na zo hutu gida Damagum, na tarar an gama shawara. Inna tana da saniya biyu a hannun wani Bafulatani, za a kai su kasuwar shanu ta Potiskum a yi min gado da wadirob na yayi. Kuɗin makaranta kuwa, wai mijin ya ji da shi bayan biki. Shi kuma bawan Allah malamin sakandare ne, na san albashinsa, na kuma san bashin lefen da ke kansa. In aka bi wannan hanya, karatun zai kwanta ne a hankali, ba wanda zai ce ya hana ni.

Sai na roƙi Inna ta ba ni tsohon gadonta da kabad da ke jibge a ɗakin ajiya. Na madaci ne, tun na aurenta, mutum huɗu ke ɗaga kabad ɗin. Fentin ya ɓare, madubin ya dushe, amma katakon ko gara ba ta taɓa shi ba. Saniya ɗaya a sayar, a biya rajista, a sayi katifa da labule, ɗayar ta zauna.

Goggo ce ta fara tsalle. "Ke 'yar nan, so kike dangin miji su zo ganin ɗaki su ce mun kai ki da kwance? Boko ne ya koya miki wannan?" Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri ki ba ni sati biyu. In kin gani bai yi miki ba, wallahi a sayar da shanun." Inna ba ta ce komai ba, amma da yamma ta aiko min da makulli.

Ga mai son gwadawa, ga yadda muka yi ni da ƙannena biyu. Mun kira kafinta ya kwance gadon, ya ɗaure inda ya yi sako-sako, ya sauya hannayen durowa. Sauran aikin namu ne. Samfefa mai kaushi da farko don cire tsohon fenti, sannan mai laushi, kuma ana bin tsawon katako ne. Ramukan ƙusa muka cike da garin katako da gam. A goge ƙura da tsumma mai ɗan danshi, a bari ya bushe sarai. Fentin mai muka saya a Potiskum, muka sirka da tina kaɗan. Shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, kuma kowane shafi sai ya kwana kafin a ƙara. Babban abokin gaba shi ne ƙurar hunturu. Kun san garinmu a bakin titin Potiskum zuwa Damaturu yake, ga iska ga manyan motoci. Don haka a cikin zaure muka yi, da sassafe, mu yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, mu bar taga a buɗe saboda warin fenti yana sa ciwon kai.

Ladan ma'aikatana kuwa faten dankali ne. Wata ƙawata 'yar Bokkos ta koya min a ɗakin kwanan ɗalibai, a kan risho, lokacin da kuɗin wata ya ƙare. Can Filato ne gidan dankalin turawa, su sun san kansa. Sirrin yana wurin albasa da lawashinta. A yanka albasa da yawa, a soya da man gyaɗa a wuta kaɗan har ta yi laushi, kada ta ƙone. A zuba attaruhu, tafarnuwa, citta da daddawa, sai bandar kifi da ruwa. Dankalin a raba biyu: rabi a yanka ƙanana don ya narke ya ba da kauri, rabi manya don a samu abin tauna. Lawashi sai an kusa saukewa, don ya riƙe ƙamshinsa. A sanyin Disamba na Yobe, kwano ɗaya ya isa ya sa yaro ya koma kan samfefa ba gunaguni.

Ranar da aka haɗa gadon, Goggo ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa katakon, ta ce, "Irin wannan ai yanzu sai a gidan sarki." Ba ta ce na yi daidai ba, kuma har yau tana ganin da an ƙara kujeru. A wurin jere ma an yi ƙus-ƙus, na ji da kunnena. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Amma na biya rajista, na fita tattara bayanai, yanzu ina babi na huɗu, kuma Inna tana da saniyarta.

Ban ce kowa ta ƙi sabon kaya ba. Wadda Allah ya hore wa iyayenta, Allah ya sanya alheri. Magana ta ga wadda za a ci bashi ko a sayar da gona don katakon da ruwa kaɗan ke kumbura shi, alhali takardarta na rataye a makaranta. Kafin a kai dabba kasuwa, ki leƙa ɗakin ajiya, ki kira kafinta ya duba miki. Ki kuma yi magana da ladabi, don su ma iyayen mutuncinki suke karewa. Masu shirin kare kundi a wannan zangon, Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.