Gita mai tsatsa ba mushe ba ce

Ɗan uwa mai karatu, in ka taɓa zuwa biki a Agadas ko a Yamai, ka ga samari suna kiɗa da gita mai aiki da lantarki. Sabuwa tana da tsada ƙwarai, ta fi ƙarfin talaka. Ni tsohuwa na saya, a kasuwar Katako ta Yamai, jaka 30, kuɗin akuyar da na sayar. Da na kawo ta ƙauye, mai ɗakina ta dube ta, ta ce: "Maigida, akuya mai nono ka bayar don wannan mushe?"

Kowa ya gan ta haka zai ce. Ƙarafanta duk sun yi ja da tsatsa. Cikin tsirkiya 6, biyu kaɗai suka rage. Amma kafin in biya kuɗi, abu biyu na duba. Kai ma su za ka duba.

Na farko, wuyanta. Ka ɗaga ta kamar mai auna bindiga, ka rufe ido guda, ka duba tsawonsa. In ya ɗan lanƙwashe, ba kome: akwai sandar ƙarfe cikinsa da ake juyawa a hankali har ya miƙe. In kuwa ya murɗe kamar igiya, ka bar musu kayansu, ko da kyauta ce.

Na biyu, kunnuwanta, wato ƴan akwatunan nan da ke ƙarƙashin tsirkiya. Cikin kowane akwai mayen ƙarfe, an naɗe shi da jan waya mai sirantakar gashin kai, naɗi dubbai. In tsirkiya ta motsa bisa mayen ƙarfe, sai ta haifar da ƴar wutar lantarki. Wutar nan ita ke bin waya zuwa ampili, akwatin da ke ƙara murya. Shi ya sa dole tsirkiyar ta zama ta ƙarfe. Zaren kamun kifi irin na gurmi ba ya yin magana a nan. Na sa mai kaya ya haɗa ta da ampili, na ƙwanƙwasa kunnen da ƙusa. Sai na ji "ƙwas!" Na ce, to, da ranta.

Sauran aiki haƙuri ne. Na kwance ƙusoshinta, na zuba su cikin kwano, don wadda ta faɗi cikin rairayi ta tafi ke nan. Ƙarafan na jiƙa su kwana guda cikin ruwan lemun tsami, na goge da tsohon burushi, na shanya, na ɗiga musu man keken ɗinki. Kunnuwan dai kada ruwa ya taɓa su. Kada kuma ka kawo soson ƙarfe kusa, mayen ƙarfe zai janye garinsa ya shige ciki. Wata waya ta tsinke, mai gyaran rediyo ya liƙe ta da darma. Sababbin tsirkiyoyi, wani direba na ba saƙo. Sati 3 ina jira.

Fenti ban taɓa shi ba. Wurin da ya goge, hannun wani makaɗi ne ya goge shi da shekarun aiki, kuma fenti ba ya ƙara wa gita zaƙi. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda kiɗansa ya kai har Amurka, gitarsa ta farko da kansa ya sassaƙa ta, ya ɗaura mata wayar birkin keke.

Yanzu ina kiɗan biki da ita, da batirin mota tun da ƙauyenmu babu wuta. In na gama, sai in share tsirkiya da tsumma busasshe, don zufar hannu ita ke kawo tsatsa. Lokacin hunturu kuma cikin bargo take kwana, kada iska ya tsaga katakon.